Kawu, Mai Yankan Kajin Kirsimeti

Na sha zuwa gidan makoki a garin nan, amma ban taɓa ganin inda masu gida suka rasa yadda za su zaunar da masu gaisuwa ba sai a na Kawuna, yayan mahaifiyata. Mai abu Ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ba yawan jama'ar ne ya rikita mu ba, irinta ce. Mun shimfiɗa tabarmi yadda aka saba, maza a ƙofar gida gindin mangwaro, mata a tsakar gida. Sai ga mutanen layin sun fara ɓullowa da kujerun roba a ka. Makanikai da kayan aikinsu baƙi ƙirin da mai, matan coci da ɗaurin kallabi iri ɗaya, tsofaffin ma'aikatan masaƙa suna dogara sanda. Wata tsohuwa ta zo ta durƙusa a gabana, gicciye yana reto a wuyanta, ta ce, "Sannunku da haƙuri. Allah Ya gafarta wa Baba Malam, Ya sa Aljanna ce makomarsa." Na ce amin, sannan na waiga in ga ko akwai wanda ya ji tare da ni.

Danginmu da suka zo daga tsallaken gadar Kaduna kuwa, kallo ya ishe su. Wata 'yar gwaggona ta zunguro ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke, anya ba gidan fasto muka shigo ba?" Tana rufe baki wata mata daga Sabon Tasha ta shigo, ta ɗora hannu a ka za ta fasa ihu. Wallahi kafin ta buɗe baki matan layin sun yi mata caa. "Ke, yi shiru! Baba Malam ya ce hawaye an yarda, kururuwa ce ba a yi." Baiwar Allah ta haɗiye ihunta, ta nemi wuri ta zauna. Ba a jima ba sai ga makokin ya koma hira. Wannan ya ba da labarin Kawu, wancan ya ce ai ba haka aka yi ba, a kwashe da dariya, a share hawaye, a sake ɗauko wani.

Mutum ɗaya ce ba ta cikin wannan duka: Inna, mahaifiyata, autar su Kawu. Ta shige ɗakinsa ta zauna a bakin gado da carbinta, ba ta kula kowa. Tun da aka kai shi makwancinsa ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, ga ta da ciwon suga. Abu ɗaya take so ta sani: shin Yayanta ya cika da kalmar shahada? A wurinmu ba abin da ake yi wa mai barin duniya fata kamar maganarsa ta ƙarshe ta zama shaidawa babu abin bauta wa sai Allah. Shi ya sa ake zama kusa da shi ana tuna masa. Kawu kuwa ya cika babu Musulmi ko ɗaya a kansa, mu duka muna tsallaken gada. Waɗanda suka san amsar ga su nan zaune a tsakar gida, amma Inna ta ƙi tambayarsu. Rabi fushi ne, rabi kuma tsoron abin da za ta ji.

Bari in faɗa muku wane ne Kawu, don kada a wayi gari a manta da shi.

Gajere ne, mai wushirya, hularsa kullum a karkace. Ya yi ƙuruciyarsa duka a masaƙa a Kakuri yana gyaran injin saƙa, ƙarar injin ta ci masa rabin kunne. Saboda haka ba ya raɗa. In Kawu ya ce zai gaya maka sirri, to ka san duk layin sun ji. Da aka fara rage ma'aikata, sai ya kafa benci a gindin mangwaron ƙofar gidansa yana gyaran keken ɗinki. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa aiki ya kai su nesa. Ba wani babban malami ba ne mai tarin littattafai. Ya dai sauke Alƙur'ani, ya san tsarkinsa da sallarsa da abin da aka hana shi. Maƙwabtansa, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne, su suka sa masa Baba Malam, sunan kuma ya zauna.

Yana da ƙa'ida ɗaya. "Ni ba na bin mutum da wa'azi," in ji shi. "In ya tambaya, in ba shi abin da na sani. In ban sani ba, in ce ya jira ni in tambayo." To amma Allah Ya haɗa shi da mutane masu tambaya. Babbansu shi ne Mai Gareji, wanda gidansu da garejinsa suke jikin katangar Kawu. Ibo ne, amma a Kakuri aka yanke masa cibiya, Hausarsa ta fi ta wasunmu.

Wata rana Mai Gareji ya kawo keken ɗinkin matarsa, ya tsaya a kan Kawu yana ta azalzala. Aiki ya zo ƙarshe ke nan sai aka kira Azahar. Kawu ya ajiye sukundireba ya jawo buta.

"Haba Baba Malam!" in ji Mai Gareji. "Saura noti ɗaya fa. Abeg, Allah ba zai ɗan jira ka ba?"

Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗana, ni da babanka aikin safe tare muke yi a masaƙa. In jiniya ta yi kuka, ko loma tana hanyar baki ajiye ta muke mu ruga da gudu. Wa ya sa a busa?"

"Manaja."

"Shi ya halicce mu?"

"A'a."

"Ko farcenmu ɗaya bai yi ba. To Musuluncin da kake ta tambayata ke nan. Wanda Ya yi ka, Yake ciyar da kai, in Ya kira ka amsa, in Ya hana ka bari. Ba don Yana buƙatarka ba, kai ne kake buƙatarsa."

Mai Gareji ya ce ai shi manaja yana biya a ƙarshen wata. Kawu ya ce, "Numfashin nan da kake ta ɓarnatarwa a kaina fa, wa ya ba ka?" Ya wuce sallarsa ya bar shi da keke a hannu.

Wani lokacin kuma ya tambaye shi dalilin da babban mutum kamarsa zai riƙa sa goshi a ƙasa. Kawu ya ce, "Kai da nake gani kullum kwance a ƙarƙashin motar wani, bayanka a taɓo, ba ka ji kunya ba, sai ni da na sa goshi ga Wanda Ya yi goshin?" Makanikan suka dinga buga sifana a ƙarfe suna yi wa ogansu ihu.

Labarin da aka fi maimaitawa a wurin makokin shi ne na azumin Mai Gareji. Wata shekara ya bugi ƙirji ya ce wannan azumin da ake ta kurari a kai, shi ma zai yi. Kawu ya ce bismillah. Da aka sha ruwa ya kira shi buɗa-baki, ya tura masa ƙosai da kunu. Sai ya ga mutumin yana ɗan gutsurar ƙosai kamar amarya. Kawu ya ƙura masa ido. Mai Gareji ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce gaskiya da rana ta take ya zagaya bayan gareji ya shanye lemo mai sanyi, ya bi shi da burodi.

"Wa ya gan ka?" in ji Kawu.

"Ba kowa."

"Madalla. Yau ka gane azumi. Ni ma in na shige ɗaki na sha, ba wanda zai gan ni a Kakuri. Wanda nake yi dominsa ne Yake gani. Ci ƙosanka."

Ta biyu a masu tambaya ita ce Mama mai acca, mutuniyar wajen Zonkwa, wadda gidanta yake kallon nasa. Faten acca take sayarwa, ita ce kuma mai ba da waƙa a cikin matan cocinsu. Kawu yana ce mata Ƙanwata. Ita ba tambaya kawai take yi ba, gardama take yi, hannu a ƙugu. Na taɓa tarar da su a kan maganar Annabi Isa. Kawu yana ce mata, "Mu annabinmu ne. Duk wanda bai yarda da shi da mahaifiyarsa ba, bai zama Musulmi ba. Amma bawan Allah ne, aiko shi aka yi." Ta ce ita kam Ubangijinta ne, kuma a kan haka za ta mutu. Aka yi ta yi, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Can sai Kawu ya miƙa mata kwano ya ce, "To Ƙanwata, nan hanyarmu ta rabu. Zubo mini fate, ki sa yaji." Ta zuba tana mita, ta ƙara masa a kan na kuɗinsa.

Sai maganar kaji. A layin nan tun da can, in Kirsimeti ta zo, Kiristoci ba sa yanka da kansu. Sukan kawo wa Kawu kajinsu da awakinsu ya yanka da sunan Allah, don in an dafa a iya aika wa maƙwabta Musulmi su ci hankali kwance. Tun ana saura kwanaki zai fara wasa wuƙarsa a kan dutse. Ranar jajibere kuwa layi ake yi a gindin mangwaro, kaji suna kuka, shi yana tsiya. Ya ce wa wannan kazarta ta fi shi tsufa, ya tambayi wancan ko zakara ne ya kawo ko tattabara. Da yamma gidansa ya cika da kwanonin shinkafa har ya rasa wurin salla. Da Babbar Salla kuma shi zai bi gida gida da naman layya.

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, an yi murna a layin nan. Kawu da Mai Gareji tare suka bi layin zaɓe, kowa da nasa ɗan takara, suna zagin zaɓin juna har suka dawo gida. Murnar ba ta jima ba gari ya rikice. Ba zan ba da wannan labarin ba, duk mutumin Kaduna yana da nasa. Abin da ya biyo baya dai shi ne kogi ya zama iyaka. Musulmi suka yi ta kwashe kaya suna haye gada, Kiristocin can suna hayowa nan. Mu ma muka tashi. A layin su Kawu aka wayi gari shi kaɗai ne mai buta.

Inna ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauko a-kori-kura ta zo kwashe shi. Ina cikin motar. Muka tarar da shi a benci yana sa wa wani keke mai.

"Yaya, tashi mu tafi," in ji Inna. "Na sama maka ɗaki kusa da ni."

"Auta, sannu da zuwa. Kin ci abinci?"

"Ban zo wasa ba! Kana so ka mutu a hannun waɗanda ba su san alƙibla ba? Su jefa ka a firjin mutuware kamar kifi? Ka cika ba mai tuna maka kalma?"

Da ƙarfi ta faɗa, Mama mai acca tana tsaye a ƙofar gidanta tana ji. Kawu ya ce ta rage murya. Ina! Inna in ta hau ba ta saukowa da wuri. Ta ce, "Shekara da shekaru kana yi musu surutu a gindin bishiyar nan. Faɗa mini, wa ya musulunta? Mutum nawa?"

Kawu ya ɗaga yatsu kamar zai ƙirga, ya dube su, ya mayar da hannunsa. "Ko ɗaya," in ji shi, yana dariya. "Auta, ni cewa aka yi in faɗa. Shiriya ba a hannuna take ba." Sai dariyar ta ɗauke, ya ce, "In na tafi, wa za su tambaya? Yaran layin nan su tashi ba su san Musulmi ba sai wanda suka gani da galan ɗin fetur? Ni ba zan tashi ba."

Motar nan haka ta koma ba ko tsinke. Daga ranar Inna in ta zo gaishe shi ba ta gaida kowa a layin, ba ta cin komai da aka dafa a can. Mama ta sha aiko mata da fate, yana komawa yadda ya zo.

Kirsimetin da ta biyo baya, Kawu ya gaya mini da bakinsa, bai zaci kowa zai zo ba. Musulmin da ake yankan dominsu duk sun tashi. Ya dai wasa wuƙarsa don sabo, ya ajiye. Da safe ya buɗe ƙofa, sai ga layi har bakin kwata, Mama ce a gaba da zakaru biyu a hammata. Ya ce, "Ƙanwata, me ya kawo ku? Wa zai ci? Ni kaɗai na rage fa." Ta ce, "To kai ɗin ba mutum ba ne? Karɓi ka yanka, ina da aiki." Ya ce mini ranar sai da ya juya baya ya goge idonsa kafin ya iya riƙe wuƙa.

Akwai wata Asabar da ba zan manta ba. Mahaifin Mai Gareji ya rasu, an ajiye shi a mutuware har damina ta wuce, sannan aka kai shi garinsu a gabas aka yi biki. Kawu ya bi su har can, don abokin aikinsa ne. Bayan sun dawo na je gaishe shi, na tarar da benci ya cika. Mama ta ce, "Baba Malam, ni abu ɗaya ne ban gane muku ba. Mutum ya mutu da safe, kafin yamma kun binne shi. Korarsa kuke yi?"

Kawu ya ce, "Ba kora ba ce. Mai shi ne Ya kira shi. Da Ya kira shi salla yana raye bai ce a jira ba, yanzu da Ya kira shi gaba ɗaya ne za mu tsare shi a firji?"

Ta ce to yaya ake yi? Oh ni 'yasu! Ashe jira yake. Ya kori mutane daga benci, ya cire hula, ya miƙe a kai. "Ku duba da kyau. A kwantar da ni a gefen dama. Fuskata ta kalli gabas, can wajen da rana take fito wa Ƙanwata a kan tukunyarta. A rufe mini ido a hankali. A miƙar da hannu da ƙafa. A lulluɓe ni. Ba akwati, ba kwat, farin yadi ne kawai, yana nan a ƙasan akwatin kayana. Wanka da salla ba naku ba ne, ku kira 'yan'uwana. Kuma kafin rai ya fita, a tuna wa mutum kalmar shahada."

Mai Gareji ya yi tsalle ya koma gefe. "Wannan kam ban da ni! In na faɗa ai na musulunta, fadan cocinmu ya kore ni."

Aka yi dariya. Kawu ya ce Allah zai kawo mai tunawa. Sannan ya zaro hankici ya nuna musu yadda ake ɗaure haɓa don kada baki ya buɗe. Yana ɗaurewa maganarsa ta tsaya. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode Allah! Yau dai Baba Malam ya yi shiru a Kakuri!" Aka dinga tafi, shi kuma yana kwance cikinsa yana rawa don dariya. Da na koma gida na ba Inna labari, ta ce Yaya ya fara wasa da mutuwa, Allah Ya shirye shi. Ni kuwa abin da ya zauna mini a rai shi ne kalmar nan ta Mai Gareji, "ban da ni."

Ranar da abin ya faru, gari ya cika da hotunan 'yan takara, ana shirin sake zaɓe. Lokacin wayar salula ba ta yawaita ba. Mama ce ta je wurin mai lemar waya a bakin titi, ta kira wani maƙwabcinmu, shi ya zo ya faɗa mana. Da hantsi ne, Kawu yana kan benci yana aiki sai ya dafe ƙirji. Kafin mu samu mota mu haye gada, rana ta yi tsaka.

Inna tana gaba, ta faɗa ɗakin kamar za ta yi faɗa da wani. Sai ta tsaya cak. Ga Kawu a gefensa na dama, fuskarsa gabas. An rufe ido, an ɗaure haɓa da hankicinsa, an lulluɓe shi da zane mai tsabta. An share ɗakin. Likkafaninsa yana ninke a kan akwati. A tsakar gida ruwa yana kan wuta, ga ganyen magarya a ƙwarya. Ba wanda ya yi masa wanka. Limamin masallacin bakin kasuwa yana zaune a waje yana jiran mazan gidanmu, makara tana jingine da bango, bas ɗin Mai Gareji an kwashe kujerunta an wanke ta.

Daga baya muka ji cewa wani ɗan haya a layin ya tsorata. Ya ce gari ba lafiya, Musulmi ya mutu a tsakiyarsu, kada a je a ce su suka yi masa wani abu, gara a kai shi mutuware a sami shaidar likita. Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa ta ce, "Ba inda za a kai shi. Mai shi Ya kira shi. Duk mai tambaya ya zo ya tambaye ni." Kafin Magariba an yi masa salla an kai shi.

Inna ta ga duk wannan, amma bai ishe ta ba. Ta aika a tambayi liman ko ya same shi da rai. Ya ce a'a, ko da ya iso an riga an lulluɓe shi. Daga nan ne ta shige ɗaki ta daina cin abinci. Ni ma na ƙi tambayar kowa, don na tuna da "ban da ni" ɗin nan da Mai Gareji ya ce.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, na fito da kwanon faten da Mama ta aiko, ko buɗe shi ba a yi ba. Mama ta tare ni a zaure ta ce, "'Yata, in abincina ne ba ta so, a dafa mata wani. Amma matar nan za ta faɗi." Sai na gaya mata gaskiyar abin da yake cin Inna. Ta riƙe baki ta ce, "Shi ke nan? Shi ne ba ta tambaya ba?" Ta fita da sauri, sai ga ta ta dawo tana jan Mai Gareji da hannun riga. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki.

"Hajiya, sannu da haƙuri," in ji shi. Inna ta amsa ba ta ɗago ba.

"Hajiya, ni nake tare da shi. Ni na ɗauko shi daga benci na kawo shi gadon nan. Na ce mu tafi asibiti, ya ce in bar shi, abin ya zo. Na tura a kira liman a kan acaɓa, amma na ga numfashinsa ba zai jira ba. Na duba hagu, na duba dama, ba Musulmi. Idonsa ya fara tafiya. Sai na sa baki a kunnensa mai ji, na ce, 'Baba Malam! Ni ba zan iya faɗa ba, ba tawa ba ce. Amma kai ka ce in ranar ta zo a tuna maka. To ta zo. Jiniya ce, Baba Malam. Faɗi abin nan naka.'"

Carbin Inna ya tsaya.

"Ya buɗe ido ya kalle ni. Sai ya yi murmushi, har na ga wushiryarsa. Ya ce, 'Ɗana, ashe kana ji.' Sannan ya ɗaga yatsa haka." Mai Gareji ya ɗaga manuniyarsa, baƙa da man inji. "Ya faɗa. Ya sake faɗa. Bai ƙara wata magana ba."

Inna ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun da take zuwa layin. Ta ce, "Ka tabbata ita ce? Ka san ta?"

"Haba Hajiya. Mutumin da ba ya raɗa? Tun ina yaro nake jin ta ta katanga, safe da yamma. Ko harafi ɗaya bai bari ba."

Inna ta kifa fuska a tafin hannunta tana Alhamdu lillahi, tana kuka, mu ma muna yi. Ni dai ban taɓa jin daɗi da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Da ta natsu ta ce wa Mai Gareji, "Allah Ya yi maka albarka, ɗana." Ya ce amin, yana share fuska da hannun riga.

Sai ta dubi kwanon da yake hannuna ta ce in miƙo. Ta buɗe, ta yi bismillah, ta kai cokali baki. Faten ya huce, amma ta ci kamar ba gobe. Mama tana tsaye tana kallo.

Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya amsa masa kamar yadda ya riƙa amsa kira. Ya bar mana maƙwabtan da ya bari.

Da Inna ta kusa cinyewa, ta ɗago ta ce, "Ƙanwar Yaya, wuƙarsa tana nan?"

Mama ta ce tana nan a kan taga, inda yake ajiye ta.

"To a adana ta. In Kirsimeti ta zo ku tara kajin, zan zo muku da mai yanka."

Mama ta ce, "Ayya Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Ai yanzu ba mai ci."

Inna ta ajiye cokali ta ce, "Ni ɗin ba mutum ba ce?"